Godiyar da Ta Ci Idon Goggo

A gidan Dattijo ba a sa loma a baki da yamma sai kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah a kansa. Doka ce, shi ya kafa ta, kuma yana ji da ita kamar shi ya fara godiya a duniya. Za a jera kwanuka a kan tebur a rufe, tururi na fita ta gefen murfi, cikin kowa na ƙugi, sannan ya gyara zaman tabarau ya fara. Daga shi sai matarsa Malama, sai 'yarsu da ta dawo gida haihuwa, sai Goggo. Ita ce ta ƙarshe kullum, domin ita ce ƙarshen zama: sai ta sauke tukunya, ta goge hannu, ta kawo ruwan sha, sannan ta ja kujerarta. Dattijo na zaune a bakin tebur ta hagunta, Malama da mai jego suna fuskantarta.

Goggo yayar Dattijo ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, har yau kuma idan ta manta cewa shi dattijon ikkilisiya ne, Auta take kiransa. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin da ke jikin kicin. Girki nata, wanki nata, shara tata, yanzu ga jariri ya ƙaru. Mayafin teburin ma ita ta ɗinka, ta yi masa rubutu da jan zare a tsakiya: Mun gode, ya Ubangiji. A lokacin ba ta neman kowa ya zura mata zare a allura.

"Yaya, ke muke jira," in ji Dattijo.

"Na gode wa Allah da ya kai ni asibiti lafiya, ya dawo da ni lafiya. Auta, likitan nan ya ce..."

"Abu ɗaya, Yaya. Godiya tukuna. Sauran magana sai an ci abinci."

Aka ce amin, aka buɗe kwanuka. Kafin ta gama kwashe su ya ɗauki makullin mota zai tafi taron kwamiti. Ta bi shi har bakin ƙofa da soso a hannu, kumfa na ɗiga a ƙasa, ta faɗa masa a tsaye. Likita ya ce ruwa ne ya taru a cikin idanunta yana danne jijiya. Na hagu ya yi nisa, na dama ma ya fara. Maganin ɗigawa da ya ba ta riƙewa kawai zai yi, aiki ake bukata, kuma kada a ɗau lokaci. Ya ce ta zo da ɗan'uwa. Ya ce bayan aikin ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba zama kusa da wuta, har tsawon makonni.

Malama tana falo tana duba takardun ɗalibai. Duk bayanin ruwa da jijiya ya wuce ta bayan kunnenta, amma da ta ji "makonni" sai biro ya tsaya.

"Makonni? Yanzu? Goggo, jarrabawa fa za mu shiga. Ga yarinyar nan ko zaman kirki ba ta iya yi tukuna. Wa zai riƙe gidan?"

"Ai ba ni na zaɓi lokacin ba, Malama."

"Ba wanda ya ce ke kika zaɓa," in ji Dattijo da muryarsa ta sulhu, wadda yake raba rigimar ma'aurata da ita a coci. "Likitoci haka suke, komai nasu gaggawa ne. A bari a gama jarrabawa, ni da kaina zan kai ki. Ki gode Allah kina gani, Yaya. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin hasken rana ba tun da aka haife su."

Gaskiya ya faɗa, akwai su. Abin haushin ke nan da maganganun Dattijo: ba ka iya cewa ƙarya ce, sai dai ka rasa dalilin da ya sa kullum suke faɗowa daidai inda za su yi masa amfani. Goggo ta koma ta ƙarasa wanke-wankenta.

Aka yi jarrabawa aka gama. Malama ta ce ai sauran duba takardu da haɗa sakamako, wanda ya fi jarrabawar kanta wahala. Aka gama wannan, jariri ya kama mura. Mura ta tafi, sai Dattijo ya dawo da albishir cewa za a yi babban taron ikkilisiyoyi, kuma gidansa aka zaɓa ya sauki baƙi, saboda kowa ya san gidan da tsafta da abinci mai daɗi. Ya faɗi haka yana kallon Malama da murmushi. Malama ta karɓi yabon da hannu biyu.

Idon kuwa bai san da jarrabawa ba, bai san da taro ba. Da farko Goggo ta fara ganin bakan gizo kewaye da ƙwan lantarki na kicin. Daga nan ciwon kai ya zo, irin wanda kamar ana buga ƙusa ta saman gira. Wata rana ya tsananta har ta zagaya bayan kicin ta yi amai, ta watsa ruwa a wurin, ta dawo ta ci gaba da yanka albasa. Ta fara cin karo da ƙyauren kicin ta kafaɗar hagu. Ta zuba gishiri a shayin Dattijo, aka yi ta dariya, mai jego har da riƙe ciki, aka ce tsufa ya fara gaisuwa.

Maganin ɗigawa ya ƙare. Ta ba Dattijo kwalbar ya sayo wani, ya sa a aljihun kwat. Ta tambaya, ya ce ya manta. Ta sake tambaya, ya ce shagon da ya je babu. Ranar da take wanke kwat ɗin ta tsinci kwalbar a aljihu, yadda ta ba shi.

Duk wanda ya ce Goggo ba mai godiya ba ce ya yi mata ƙazafi. Kowace safiya kafin ta kunna wuta takan durƙusa a gefen gadonta ta yi hira da Ubangijinta kamar wanda suka saba. Takan gode masa don numfashi, don rufin da ke kanta, don 'yan yatsun jaririn nan da ke damƙe mata haɓar zani. A nan take faɗa masa ciwonta ma, ba ta rage komai, kuma bai taɓa katse ta ya ce abu ɗaya ba. Godiyar tebur ce ta zame mata aiki. Tun da rana take laluben abin da za ta faɗa, wanda ba ƙarya ba ne, wanda kuma ba zai sa a ce ta yi ƙorafi ba. A gidan Dattijo ƙorafi zunubi ne mai suna, gunaguni ake ce masa, kuma yana da wa'azi guda a kansa wanda kowa ya haddace.

Sau ɗaya ta gwada Malama su biyu, suna ninke kaya.

"Malama, ko ke za ki raka ni? Ba sai mun jira Auta ba. Kan nan zai tsage."

"Wayyo Goggo, sannu. Ni ma kin gan ni nan, bayana kamar ba nawa ba, amma na yi shiru na miƙa wa Ubangiji. Kowa da nasa gicciyen. Ki sha maganin ciwon kai ki ɗan kwanta." Ta miƙa mata tulin zannuwan gado. "In kin tashi a goge waɗannan, na baƙi ne."

Sai wata safiya Goggo ta farka ba ciwo. Ta zauna a bakin gado tana jiran ƙusar nan ta fara bugu, shiru. Daɗi ya kama ta har ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Da ta je wanke fuska, sabulu ya shiga idon dama ta runtse shi, sai duniya ta ɗauke gaba ɗaya. Ta buɗe, ga bokiti, ga bango. Ta sa tafin hannu ta rufe na dama da gangan, ta juya wajen taga inda rana ke shigowa. Babu taga, babu rana. Ta dafa bango ta daɗe a tsaye.

Ranar ta yi aikinta kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. Ta ƙudura cewa yau za ta faɗa, ko ana so ko ba a so. Amma doka doka ce, kuma shekara da shekaru ta saba da ita. Da layi ya zo kanta, sai ta fara ta inda aka koya mata farawa.

"Na gode wa Allah, yau na tashi ciwon idon nan ya lafa gaba ɗaya. Amma..."

"Halleluya!" Dattijo ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Kun ji ko? Kun ji? Ban faɗa muku ba? Da mun yi gaggawa mun kai ta an sa mata wuƙa a ido, alhali Ubangiji yana da nasa shirin!"

"Yabo ga Ubangiji!" in ji Malama, kuma har cikin ranta ta faɗa, domin ta hango makonnin nan sun tashi daga kanta.

"Auta, tsaya ka ji..."

Ina! Ya riga ya ɗauko waƙa, mai jego ta karɓa, Malama na tafi. Goggo ta ɗaga murya ta ce idon ba ya gani, amma maganar ta faɗa cikin amshi ta nutse. Da aka gama waƙar Dattijo ya yi doguwar addu'a, aka ce amin, wayarsa ta yi ƙara, ya fita da loma a baki yana ba wani labari.

Ranar Lahadi ya tashi a gaban jama'a ya ba da shaida. Dattijo ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa. Ya ce likitoci sun yanke hukunci, amma shi da iyalinsa suka tsaya a kan gwiwoyinsu. Ya ce yayarsa mace ce da ba ta taɓa buɗe baki ta yi gunaguni ba, shi ya sa aka ji kukanta. Ya ce ta miƙe a gan ta. Hannaye suka ɗaga ta ta ko'ina, ta tsaya a tsakiyar tafi da guɗa, tana ganin rabin majami'a, ɗaya rabin baƙi ƙirin. Kunya ta rufe ta. Ta ji kamar an sa ta yin ƙarya a gaban Allah ba tare da ta furta kalma ɗaya ba.

Bayan an tashi mata suka kewaye ta. Wata tsohuwa da ke fama da nata idon ta kama hannunta ta ɗora a fuskarta, ta ce ta yi mata addu'a, ita ma ta fasa zuwa asibiti. Nan hankalin Goggo ya tashi. Ta sunkuya ta raɗa mata a kunne: "Ki je asibitinki, 'yar'uwa. Gobe-goben nan ki je." Tsohuwar ta saki hannunta tana kallonta da mamaki.

Da suka dawo gida ta same shi a ɗaki yana kwance takalmi. Ta rufe ƙofa.

"Auta, idon hagu ba ya gani. Ko yatsa ka kawo ba zan ƙifta ba. Abin da nake ta son faɗa maka ke nan."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ta ga tsoro ya gilma a fuskarsa, ta ga yaron da ta goya, har ta sa rai. Sai ya ajiye takalmin a hankali, ya gyara murya.

"Yaya, warkarwa wani lokaci a hankali take zuwa. Ciwo ya tafi, gani zai biyo baya. Kada ki bar shakka ta ƙwace miki abin da aka ba ki."

"Ka kai ni likita ya duba. In warkewa ce, ai shi ma sai ya yi yabo."

"Kin ji abin da na faɗa yau a gaban mutane? Kin san 'yan cocinmu nawa ke aiki a asibitin nan? A gan ni da ke a layin masu ciwon ido, bayan shaidar da na bayar? Ba sunana nake ji ba, Yaya, sunan Ubangiji nake ji. Masu raunin bangaskiya za su yi tuntuɓe." Ya dafa kafaɗarta. "Bari maganar ta ɗan kwanta. A sallami baƙin nan, sai mu nemi wani asibiti can nesa, a natse."

"Na daman fa? Shi ma zai jira baƙi?"

"Haba Yaya. Ke da kike da abin godiya fiye da kowa a gidan nan."

Ta fito ta ja masa ƙofa. Takaici ya cika ta, irin wanda ko kuka ba ya fita da shi. Da zagi ya yi mata da ta san abin da za ta mayar masa. Amma mutum ya toshe maka baki da sunan Allah, ta ina za ka fara?

Cikin makon nan bakan gizo ya dawo, wannan karon a idon dama. Tana fitowa daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ba ta ga ƙyaure ta hagu ba, ya goge shi a kunne. Yaron ya tsala ihu. Mai jego ta fito da gudu ta fizge ɗanta.

"Goggo, ki riƙa duba gabanki mana! In kin gaji ki faɗa!"

Da yamma aka yi shawara a tsakanin iyaye da 'yarsu, aka yanke cewa Goggo ta huta da ɗaukar yaro, tun da hannunta ya fara rawa. Aka karɓe mata jaririn, wanda shi kaɗai ne aikin da take yi da farin ciki. Tukwane da bokitai da dutsen guga kuwa ba wanda ya ga haɗari a cikinsu, aka bar mata kayanta.

Ranar da baƙi za su iso, ta tashi da ƙusar nan a saman girar dama. Ta san ta, ta san kuma inda take kaiwa. Kicin cike da kaya: buhun shinkafa, kaji a roba, albasa tuli guda. Dattijo ya tafi tarbo baƙi, Malama ta tafi gyaran gashi. Goggo ta ɗauki wuƙa ta yanka albasa ɗaya, ta biyu ta yanki yatsa. Ta tsaya tana kallon jinin, yana zuwa mata dishi-dishi kamar ta bayan labule. Ta ajiye wuƙar. Ta shiga ɗaki ta durƙusa.

"Ya Uba, ka san ban raina abin da ka ba ni ba. Idon nan ma kai ka ba ni. Zan je in kai shi inda za a duba, ka riƙe mini hannu a hanya."

Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki katin asibiti, ta fita ba ta sallami kowa ba. Ta bi jikin katanga da hannu har bakin titi. Motoci na fitowa daga duhun hagu ba sanarwa, sai dai ta ji iskarsu a fuska. Wata mata mai ɗauke da kwandon kaya ta lura da ita, ta kama ta ta tsallakar da ita, ta tsayar mata da mota, ta faɗa wa direba inda zai sauke ta. Ko sunanta Goggo ba ta tambaya ba.

Likitan ya duba katin, ya dube ta, ya haska fitila a ido ɗaya, ya haska a ɗayan. Ya ajiye fitilar.

"Mama, ina kika shige? Na ce miki kada a ɗau lokaci."

"Ciwon ne ya lafa, likita, sai aka ce na warke."

"Ciwon ya lafa ne domin jijiyar ta mutu. Na hagu ya tafi, ba abin da zan iya yi masa. Da kin dawo lokacin da na ce, da mun cece shi." Ya ja numfashi. "Na dama ba zan bar ki ki fita da shi haka ba. Wa za a kira?"

Dattijo ya iso cikin kwat ɗinsa ta tarbar baƙi, gumi na bin wuyansa. Goggo na kwance a bayan labule an ɗiga mata magani, tana jin su a baranda. Likita ya tambaye shi yadda aka yi mace na zaune a gidansa ido ya mutu ba a kawo ta ba.

"Likita, wallahi ba mu san abin ya kai haka ba," in ji Dattijo. Shi da ba ya rantsuwa, ranar ya rantse. "Ka san Yaya, ba ta da ƙorafi ko kaɗan. Kullum ka tambaye ta sai godiya. Da ta nuna mana da gaske ne, ai da tuni mun kawo ta."

Goggo ta juya fuska wajen bango. Hawaye ya zubo daga idanun biyu, mai gani da marar gani. Ashe shirun da aka tilasta mata, shi ne kuma za a kafa hujja da shi a kanta.

Aka yi aikin. Na dama ya tsira, amma ba duka ba: abin da ke gabanta sosai take gani, gefe da gefe ya tafi. Baƙi suka ci abincin da aka sayo daga waje, ba wanda ya mutu. Malama ta gano cewa ta iya kunna murhu. Mai jego ta gano inda ake ajiye sabulun wanki. Makonnin nan da aka ce gidan ba zai iya ɗauka ba, ga shi ya ɗauka, rufin bai faɗo ba.

Ranar da aka sallamo ta, aka zauna a tebur kamar kullum. Karon farko Goggo ta riga kowa zama. Ƙaurin shinkafar da ta kama na fita ta gefen murfi. Dattijo ya gyara tabarau.

"Ina gode wa Ubangiji da ya ba mu hikima muka kai Yaya asibiti a kan lokaci, aka ceci ido ɗaya. Ɗayan kuwa, nufinsa ne, ba mu da ta cewa."

Malama ta gode don ƙarfin da aka ba ta na riƙe gida ita kaɗai. Mai jego ta gode don yaro ya fara murmushi. Duk suka juyo wajen Goggo.

"Yaya, ke muke jira."

Goggo ta shafa mayafin tebur har yatsunta suka sami jan zaren nan, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya.

"Na gode wa Allah da ya ba ni ido biyu, na yi ɗinki da su, na ga fuskar mijina, na ga ranar aurenka. Na gode masa don likitan da ya aiko mini tun da sauran lokaci. Na gode masa don matar da ta tsallakar da ni titi, wadda ba ta san ni ba, ba ta kuma ce in jira ta sallami baƙi ba."

"Yaya, abu ɗaya ake..."

"Ban gama ba, Auta. Kai ka ce ba a cin abinci sai kowa ya gama. Ka jira."

Muryarta ba ta tashi ba, amma cokalin da Malama ta ɗauka ya koma inda yake.

"Ka ce nufinsa ne. Kada ka ɗora masa. Ya ba ni ciwo don in sani, na sani. Ya ba ni baki, na faɗa, a bakin ƙofa na faɗa, a ɗakinka na faɗa. Ya ba da likita, ya ba da magani, kai har mota ya ba ka. Me ya rage bai yi ba? Idon nan ba Allah ya karɓa ba. A gidan nan aka kashe shi, da jarrabawa, da zannuwan baƙi, da shaidar da ka bayar ba ka tsaya ka ji ƙarshen maganata ba. Ni zan ci gaba da gode masa har in mutu, don shi bai taɓa cewa in yi shiru ba. Amma ranar Lahadi za ka tashi inda ka tashi, ka faɗa wa mutane ban warke ba. Akwai tsohuwar da ta kusa fasa zuwa asibiti saboda kai."

Mai jego ta sunkuyar da kai. Malama na kallon murfin kwano kamar yau ta fara ganinsa.

"Yaya," in ji Dattijo. Muryar sulhun nan ta gudu ta bar shi, sai wata ƙarama da Goggo ta rabu da ji tun yana yaro. "Yaya, dube ni mana. Ki dube ni mu yi magana."

Ba ta juya ba. Likita ya hana ta saurin juya kai, ita ma ba ta yi niyya ba.

"Ta hagu kake zaune, Auta. Duk shekarun nan a nan kake zama. In kana so in gan ka, sai ka taso ka zagayo. Inda kake ɗin nan, ba na ganin kowa."

Ta lalubi cokalinta, ta ce amin ita kaɗai, ta buɗe kwanon da ke gabanta.